Tambaya da Amsa: Tiyatar gina al'aurar namiji da sakamakonta

Tambaya: Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. Na karanta cewa a Turai ana yi wa waɗanda aka haifa da jikin mace amma suke rayuwa a matsayin maza tiyatar gina azzakari. Shin tana yin nasara kuwa?

Amsa: Malama, tiyatar ta daɗe, domin tun tsakanin 1946 da 1949 likita Harold Gillies ya yi wa Michael Dillon ita a Ingila. Hanyar da ta fi shahara yanzu likitocin ƙasar Sin ne suka bayyana ta a 1984: ana yanko fata daga hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, tare da jijiyoyinta na jini da na ji, a naɗe ta, sannan a ɗinka jijiyoyin da na matsematsi. Da wuya fatar ta mutu, ji kuma yakan dawo sannu a hankali cikin watanni, sai dai babban tabo yana zama a hannun har abada.

Inda gizo ke saƙar shi ne bututun fitsari, kuma ina so ki riƙe wannan sosai, domin ma'aikatan jinya ne suka fi fama da shi. Dole a tsawaita bututun da naman da ba a halitta shi don wannan aiki ba, saboda haka mahaɗar takan ɓule ta riƙa yoyon fitsari, ko kuma ta tsuke har fitsarin ya gagara fita. A rahoton da likitocin Gent ta ƙasar Beljiyam suka fitar a 2009 kan mutum 287, kashi 41 cikin 100 sun gamu da irin wannan matsala. Yoyon yakan toshe da kansa a lokuta da dama, amma tsukewar galibi sai an sake komawa ɗakin tiyata.

Gaɓar ba ta miƙewa da kanta, sai an dasa mata na'ura bayan kimanin shekara guda, wadda ita ma takan lalace ko ta kamu da ƙwayoyin cuta, kuma gaɓar ba ta samar da maniyyi. Akwai ƙaramar tiyata da ake yi da ɗan tsakan da sinadarin maza na testosteron ya girmar, wadda ba ta taɓa hannu, amma gaɓar takan kasance gajeriya.

Da wannan fasaha ta fatar hannu ake taimakon mazan da suka rasa gabansu sanadiyyar haɗari, ciwon daji ko kaciyar da ta ɓaci.