Hukuncin haɗa gyaran hanci na lalura da na kwalliya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya gafarta. Ni 'yar Tawa ce. Na faɗo daga kabu-kabu, hancina ya karkace, kafa ɗaya ta toshe, da hunturu sai da baki nake numfashi. Likita a Yamai ya ce guringuntsin da ya raba kafofin biyu ne ya goce, sai an yi aiki. Tunda za a buɗe, ina so a ɗan sirance mini shi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Abu biyu kika ɗaure da igiya ɗaya.

Miƙe guringuntsin magani ne, babu saɓani. Mayar da hancin yadda yake kafin haɗarin shi ma halal ne, ko da ya ƙara miki kyau. Arfaja ɗan As'ad da aka sare wa hanci, Annabi (SAW) da kansa ya umurce shi ya sa na zinariya.

Kalmarki ta "a sirance" ce ta tsayar da ni. Faɗin hancinki ba kabu-kabu ya kawo shi ba, da shi aka haife ki.

Akwai masu cewa tunda an riga an sa wuƙa, kwalliyar ta shiga inuwar maganin, wai ana yafe wa mabiyi abin da ba a yafe wa asali. Ƙa'idar gaskiya ce, amma ba nan ne muhallinta ba. Mabiyi shi ne abin da ba ya rabuwa da aikin, kamar hancin da ya miƙe don an miƙe cikinsa. Sirancewa kuwa yanka ne daban, da niyyarsa da kuɗinsa. Likita na iya barinsa, numfashinki ya buɗe sarai. Lalura ana auna ta gwargwadonta. Imam Nawawi ya ce a hadisin masu yin wushirya, lafazin "don kyau" shi ne dalilin hanin. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Maleziya a 2007, ta halatta gyara aibi, ta hana canza surar lafiyayyen hanci don son rai.

Ki kai wa likita hotonki na kafin haɗarin, ki ce nan za a tsaya. Hoton wata da kika gani a waya ki bar shi gida. In kuma wani ne ke yi miki gorin hanci, ki sani wuƙa ba ta rufe bakin mai gori.

Kada a sa aikin cikin azumi in da hali, saboda jinin da ke gangarawa maƙogwaro. Shaƙa ruwa da facewa a alwala sunna ne a mazhabarmu ta Malikiyya, ki bar su har likita ya yarje miki. Ki shafa kan bandejin, sujada kuma goshi ya wadatar. Kumburin kan ɗauki watanni, wani har shekara, kada ki yanke wa hancin hukunci a makon farko. Allah ne mafi sani.