Golf 3 ta gasa: in yanke sifirin ko in hura masa wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Golf 3 mai ƙofa biyu, injin 1.8, na ware ta don gasar zagaye a rufaffen fili mai kwalta. Damuwata ita ce idan na shiga kwana da gudu sai ta kwanta gefe guda, gaban ya ci gaba da tafiya miƙe ko na murɗa sitiyari. Mai gyaran ƙafa ya ce in kawo ta ya yanke zagaye biyu daga kowane sifirin, ko ya hura musu wutar gas su zauna, wai haka kowa ke yi. Tun da ya faɗa hankalina bai kwanta ba, don ƙanena ne ke zama kusa da ni a motar. Da me zan fara? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kai masa motar nan. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kuma a kan wannan magana zan fi daɗewa, domin ta zama ruwan dare a garejojinmu.

Mu fara da wutar. A masana'anta ana gasa ƙarfen sifirin, a tsoma shi a mai, sannan a sake ɗumama shi a zafin da ke tsakanin digiri 400 da 500. Wannan ne ke ba shi halin lanƙwasa ya dawo. Mai walda kuwa sai ƙarfen ya yi ja yake ganin ya fara zama, wato zafi ya haura digiri 700. Wurin da ya yi jan nan ya tashi daga sifirin, ya koma rodi. Zai ci gaba da lotsawa mako bayan mako, kowane ɓangare da nasa saurin, tunda babu hannun da zai ƙona sifirin huɗu daidai wa daida. Motar za ta karkace, ƙafa ɗaya ta ɗauki nauyin da ba nata ba, ka ga tana cin kwanar dama lafiya tana ƙin ta hagu. Fentin da ke kare ƙarfen ya ƙone, tsatsa ta shiga, tsaga ta fara daga nan. Ranar da zai karye kuma ba a ajiye zai karye ba, sai lokacin da nauyin motar duka ya hau kansa a tsakiyar kwana, kuma guntun da ya karye yana dab da cikin taya.

Masu yanka suna ganin sun fi masu wuta ilimi, har lissafi suke kawowa: in ka rage zagaye, sifirin na ƙara tauri. Gaskiya ne. Sifirin mai zagaye shida masu aiki, ka cire ɗaya taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, ka cire biyu ya ƙaru da kashi 50. Abin da ba su lissafawa shi ne tafiyar da ta rage wa shok absoba. Sau da yawa motar kan sauko har shok ɗin ya kusa zama a kan robar da ke tare shi daga sama. Da ka shiga kwana, ɗan abin da ya rage ya ƙare, daga nan babu sifirin babu shok, taya ce kaɗai ke shan dukan hanya. Motar sai ta riƙa tsalle kamar baron da aka turo a kan tsakuwa, kuma tayar da ke tsalle ba ta riƙe kwalta. Gudun gaban da ka zo kuka da shi, wato gaban ya tafi miƙe ko ka murɗa sitiyari, zai ƙaru.

Akwai kuma mazauni. Ƙarshen sifirin an tsara shi ne ya zauna daram cikin kwanon shok. Ka yanke shi, ya gajarta, bakinsa ya canja. Golf 3 tana ɗaga tayar baya ta ciki a kwana mai tsanani, halinta ne ba cuta ba, kuma a wannan lokacin ƙafar na sauka iyakar tsawonta. Gajeren sifirin sai ya saki mazauninsa, ya dawo a karkace. Na san maganin da za a ba ka: a ɗaure shi da waya. Wanda ya ba ka wannan shawarar, ka tambaye shi ko zai sa ɗansa a kujerar da ƙanenka ke zama.

Tushen kuskuren shi ne zaton cewa duk yadda mota ta kusanci ƙasa haka take ƙara riƙe hanya. A irin ƙafar gaban Golf, wadda shok ɗin ke ɗaure kai tsaye da hob, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, abin yana da iyaka. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka durƙusa ka dubi lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke haɗa ƙafar da jikin mota. Ya kamata bakinsa na wajen taya ya ɗan yi ƙasa da na ciki, ko su yi daidai. Idan ka sauke ta har bakin waje ya haura na ciki, cibiyar da jikin motar ke juyawa a kanta ta faɗi fiye da yadda nauyin ya sauko, don haka motar za ta ƙara son kwantawa, kuma tayar waje za ta riƙa kifawa kan gefenta maimakon ta zauna da faɗinta. Tayrod ma, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ya karkace, ya daina bin baka ɗaya da lowa am, sai ya zama duk ƙaramin tudu da taya ta hau ta juya da kanta ba ka taɓa sitiyari ba. Shi ya sa ga Golf 3 mai kayan asali nake tsayawa a saukewar milimita 30 zuwa 40. Abin da ya wuce haka ado ne na ɗaukar hoto.

To, ga tsarin da ya dace. Kafin ka sayi komai na gasa, ka maido da ƙafar lafiyarta. An daina ƙera samfurin nan tun ƙarshen shekarun 1990, roba ba ta kai wannan shekaru da ƙarfinta. Ka canja bushin ɗin lowa am, musamman babban na baya, da bol joyin, da kawunan tayrod, da robar saman shok tare da boris ɗinta, da bushin biyu na gatarin baya. Ka ɗaga motar, ka kama taya hagu da dama ka girgiza, wani ya sa hannu a kan tayrod yana jin inda wasan yake. Bol joyin da tayrod sababbi za ka saya. Na Beljiyam yana da wurinsa a jikin mota, amma ban da nan. Notin bushin na roba kuma ba a ɗaure shi ƙarshe mota na rataye a kan jak, sai ta sauka kan ƙafafunta, in ba haka ba robar na murɗe tun daga gareji, ba za ta daɗe ba ta yage.

Sannan sifirin da shok, a saye su tare a matsayin saiti guda da aka yi wa Golf 3. Sifirin mai tauri a kan tsohon shok lilo kawai zai kawo. In za ka iya sayen mai zare wanda ake daidaita tsayinsa, wurin farawa mai kyau a kwalta shi ne taurin sifirin na kusan kilo 6 a kan kowace milimita a gaba, 4 zuwa 5 a baya. Ka tabbata in an ɗaga motar sifirin ba ya motsi da hannu. Ga gwaji mai arha: ka ɗaura siririn maɗaurin roba a sandar shok, ka tura shi ƙasa, ka yi zagaye uku, ka duba. In ya haura ya manne a sama, tafiyar ta ƙare, ka ɗaga motar milimita 10. Idan wata rana ka koma filin jar ƙasa, lissafin ya juya, can tsayi ake nema da laushi da farantin kare tukunyar man injin.

Maganin gudun gaba yana wuri biyu. Na farko kamba: kan tayar gaba ya karkata ciki digiri 2 zuwa 2.5. Kusoshi biyun da ke haɗa shok da hob suna ba da ɗan wuri, in bai isa ba akwai kusa ta musamman ta wannan aiki, kada a fafe ramin da injin huda. Bakin tayoyin gaba ya ɗan buɗe waje, milimita 1 zuwa 2 jimla, motar za ta faɗa kwana da sauri. Na biyu a baya yake: ƙarin sandar istabilaiza, mai rage kwanciyar mota gefe guda, a gatarin baya tana sa bayan ya taya gaban juyawa. Ka bi ta a hankali. Mota mai jan gaba da aka taurara bayanta, in ka ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayan zai zagayo. Kada ka buɗe bakin tayoyin baya waje sai hannunka ya nuna. Iska kuma a auna ta taya na da zafi, ka fara da 32 zuwa 34 a ma'aunin mai faci.

Wani abu da kusan kowa ke mantawa: yawancin Golf 3 da ba su da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, suna da bawul na birki da ke haɗe da gatarin baya, yana ƙara wa birkin baya ƙarfi in an loda motar. Ka sauke ta, bawul ɗin ya ɗauka kaya aka loda, tayoyin baya su kulle kafin na gaba. Dole a sake saita shi.

Sitiyari ba ya buƙatar abu mai yawa. Mai faɗin milimita 330 zuwa 350 ya isa, a kan mahaɗin da aka ƙera wa wannan mota, amma ka sani in naka mai jakar iska ne ka rabu da ita ke nan, sai da kujera da bel na gasa da hular kwano. Robobin da ke riƙe rak ɗin sitiyari su zama sababbi. Tayrod da hannun hob da sandar sitiyari kuwa, wuta da walda ba sa kusantar su ko da wasa, wanda ya lanƙwashe a jefar da shi.

Bayan kowane canjin tsayi a koma alaimen, tankin mai a rabi, nauyin direba a kujerarsa. Ka canja abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta lokacin zagayenka. Kusoshin taya a ɗaure su da sifana mai awo a kan 110 Nm, ka sake bin su bayan zagayen farko.