Kafin ka sa hannu a cakin nan

Ɗana, jiya bayan la'asar ina tsakar yanka farar jallabiyar nan ka tsaya a kaina kana murza hula. Ka ce ma'aikacin banki ya zagayo kasuwa yana rubuta sunayen masu son ƙaramin bashin sana'a, wanda suke kira tamwil asgar, kai ma kana so ka karɓa ka kafa teburin tufafi, tunda tukunyar mahaifiyarka da ƙannenka a wuyanka take tun da yaƙi ya sa suka baro birnin Madani a Disambar 2023. Ka tambaye ni ko abin yana fitar da mutum, sannan ka sunkuyar da kai ka ce suna neman wanda zai tsaya maka. Ban tanka ba, don ba a riƙe da almakashi a kan yadin mutane ana lissafin bashi. Yau ga ni, ja kujera.

Abu na farko, cire wa ranka cewa kuɗi za a damƙa maka. Bankunan ƙasar nan a kan tsarin Musulunci suke, kuma yawancin irin wannan bashin murabaha ne. Kai za ka je wurin babban ɗan kasuwa ya rubuta maka fatura ta kayan da kake so, ka kai banki. Banki ya sayi kayan su zama nasa, sannan ya sayar maka da su da ribar da aka yanke tun ranar farko, ka riƙa biya wata-wata. Wannan biyan shi ne gisti. Ba sabon abu ba ne. Tun 2007 Babban Bankin Sudan ya buɗe sashe na musamman don ƙananan basussuka, ya kuma umarci bankuna su ware kashi 12 cikin ɗari na abin da suke bayarwa don irinmu, ko da yake yawancinsu ba su cika mudun ba. A 2008 aka kafa Bankin Usra don wannan aikin, ga kuma Bankin Iddikhar da ya riga shi daɗewa a harkar talakawa. Saboda haka ba cuta aka zo yi maka ba. Ciniki ne, kuma kowane ciniki yana da wanda ya dace da shi.

Ɗauko allin nan na awo, mu yi lissafi a kan tebur. A ce sun saya maka kayan jine 1,000,000 na kuɗinmu na Sudan, miliyan na gaskiya nake nufi, ba na bakin mutanen kasuwa da har yau suke kiran dubu miliyan ba. A ce sun ɗora 200,000, ka biya cikin wata 10. Kowane wata 120,000 ke nan, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. To, a ce kai kuma kana cin ribar kashi ɗaya bisa huɗu a kan abin da ka saro. In kayan nan suka ƙare cikin wata guda ka sake sarowa, ka samu 250,000. Ka ba banki nasa, saura 130,000 na kuɗin wuri da dako da cefanen gida, uwar kuɗi kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Wata 10 na cika, miliyan ɗin nan ya zama naka halak malak. Amma in kayan suka ɗauki wata uku kafin su ƙare, ribarka dai 250,000 ce, gisti kuwa ya ci 360,000. Ka ga ka gutsiri 110,000 daga jari tun gida bai ci ko ƙwayar dawa ba. Banki ɗaya, riba ɗaya, yaro ɗaya, amma na farko ya zama mai tebur, na biyu yana kan hanyar karyewa. Duk bambancin yana cikin yawan kwanakin da riga take yi a rataye kafin a saye ta.

Shi ya sa da ka ce mini tob kake so ka zuba, dogon mayafin nan da matanmu suke naɗawa, gabana ya faɗi. Na san abin da ya ruɗe ka. Ka ga mace ta shigo ta ɗauki tob mai kyau na yadin total, mita huɗu da rabi, ta biya ba ta ko nemi ragi sosai ba, ka lissafa ribar ka ga ta fi ta wandon yara goma. Abin da ba ka lissafa ba shi ne watannin da tob ɗin ya yi a kan kanta kafin ta zo, da 'yan'uwansa shida da launinsu ya fita yayi suka yi kwantai. Dubi na saman can, mai ruwan toka, ya ga Sallah biyu a shagon nan. Ni zan iya jira, don ba wanda yake bi na gisti a kansa. Mai bashi a wuya kayan da ba sa kwana yake nema: wandunan yara, singileti, ɗan kamfai, hijabin 'yan makaranta, arragi da sirwal, wato gajeriyar riga da wando, na masu aikin gona. Ribarsu ƙanƙanuwa ce, har kunya take ba mutum, amma kullum sai an saya. Gwanjo kuma, gugun nan da ya cika kasuwa tun da yaƙi ya talauta mutane, yana tafiya da sauri, sai dai dila rufaffiya ce. Sai ka yanke igiya za ka san ko ka yi sa'a ko rabinta tsumma ne. Kada ka fara caca da kuɗin da ba naka ba.

Sai kuma lokaci. Garin nan namu, Gadarif, garin kaka ne. In aka fara yankan riɗi wajen Oktoba, jungo, 'yan ƙwadagon gona, suka karɓi ladansu, dawa ta biyo baya, kuɗi yana yawo a kasuwar nan har mai shayi ya san an yi girbi. Haka goman ƙarshe na azumi, da buɗe makarantu. Amma da damina, manomi ya zuba komai a ƙasa, laka ta datse hanyoyin ƙauyuka, sai ka wuni kana korar ƙuda. Gisti bai san damina ba. In har za ka karɓa, karɓi a bakin kaka, ka nemi a ba ka sararin wata ɗaya ko biyu kafin biyan farko, kuma ka tambaya a fili, a gaban wanda zai tsaya maka, me zai faru in ka makara da mako biyu. Wanda ya karɓa a watan Yuni don kawai a lokacin ne ma'aikacin ya zagayo, ya haƙa wa kansa rami.

Akwai wani darasi da ni kaina sai da gemu ya yi fari na koye shi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta sauke darajar jine, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin hukuma, kuma a shekarar nan hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari. Ina da bandir-bandir na farin yadi da na saro daga Kasuwar Libya ta Umdurman. Na sayar da su ina murna, kowane bandir da ribarsa a littafi. Da na koma sari, kuɗin bandir goma da ribarsu duka bakwai kawai suka saya mini. A takarda na ci riba, a kan kanta na yi asarar bandir uku. Tun daga ranar ba na sa wa kaya farashi da abin da na saye su, sai da abin da zan sake sayensu gobe. A irin wannan yanayi murabaha tana da wani alheri, don farashin banki a yanke yake, ba ya tashi in jine ya faɗi. Amma alherin na wanda dukiyarsa take cikin kaya ne. In ka bar kuɗin ciniki ya kwana mako biyu a hannunka, narkewa yake yi kamar ƙanƙara. Yanzu ma da yaƙi ya watsa Kasuwar Libya, kaya sai ta Bur Sudan ko ta Masar ko ta Gallabat a kan iyakar Habasha, kullum da safe ka fara jin farashin sari kafin ka buɗe baki.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, gida. Kai saboda gida za ka ci bashin, kuma gidan ne zai fara cin jarin. Ba da mugunta ba. Ƙanwarka za ta yi zazzaɓi, gawayi zai ƙare, wani kawu zai bugo daga sansanin gudun hijira. Da can kuɗi yana cikin aljihun gaba na jallabiya, sai an zo an same ka ido da ido. Yanzu yana cikin Bankak, manhajar banki ta waya, dannawa biyu ya tafi. Ba zan ce ka hana mahaifiyarka ba, Allah ya kiyaye. Abin da zan ce, ka zauna da ita tun kafin kaya su iso, ka nuna mata lissafin allin nan, ku yanke abin da tebur zai ba gida kowace rana, ya zama kamar albashi. Kuɗin gisti kuma ka riƙa cire shi kullum da yamma, 4,000 a misalinmu, ka ba ta ita ta ajiye. Na san iyaye mata. In ta san kuɗin cak ne, ko wuta ake yi ba za ta bari a taɓa ba, ta fi ka tsoron abin da zai biyo baya.

Ka san me ya sa nake ta ambaton cak? Domin shi ne jinginar. Za ka sa hannu a cak, wanda ya tsaya maka ma ya sa hannu a nasa. A dokar laifuka ta 1991, sashe na 179, cakin da ya dawo babu kuɗi laifi ne, ba rigimar kasuwa kawai ba. Kalmar nan da kake ji ana faɗa da raha, yabga lihin assadad, wato a tsare shi har sai ya biya, ba raha ba ce ga wanda ta faɗa wa. Akwai wata dillaliya da ta yi shekaru tana ɗaukar kaya a wurina, mace mai amana, tana bi gida-gida da ƙullinta a ka, tana ba mata tob da zannuwan gado su biya kaɗan-kaɗan. Ta karɓi murabaha a wani banki don ta faɗaɗa. Kaya suka ƙare cikin mako uku, kowa yana yi mata barka. Ashe duk a littafi suka ƙare. Ta ci bashi mai ranar biya, ta bayar da bashi marar rana. Matan suna cewa sai maigida ya sayar da riɗi, banki kuwa ranar biyar ga wata yake sani. Da gisti na uku ya matso sai ta ɗauko sabon kaya bashi a wurin wani ta karyar da su a rabin kuɗi don ta samu tsaba, abin da mutanen nan suke kira kasir. Daga nan ba a dawowa. Na ga ranar da ta kwance 'yan kunnenta na zinariya a bakin shagon nan, ta ƙulle su a gefen mayafi za ta kai wa maƙeri, hannunta yana rawa har ƙullin ya ƙi ɗauruwa. Da su aka fanshi cakin ƙaninta da ya tsaya mata.

Ma'aikacin zai ba ka labarin Muhammad Yunus na Bangaladash, ba kuma ƙarya zai yi ba. A 1976 mutumin ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra dala 27 daga aljihunsa, abin ya girma ya zama Bankin Grameen a 1983, har aka ba su kyautar Nobel a 2006. Amma ka lura, mutanen nan suna da sana'arsu a hannu, kamar matar da take saƙa kujerun gora, jari kawai suka rasa. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne na jihar Andara Faradesh ta Indiya a 2010, inda masu ba da bashin suka yi yawa, mace ɗaya ta ci a wuri uku tana biyan wannan da wancan, har gwamnati ta shiga tsakani. Masu binciken da suka bi diddigin abin a ƙasashe da dama, ciki har da Habasha maƙwabciyarmu, sun tarar bai fitar da yawancin mutane daga talauci ba, ya dai fi amfanar wanda ya riga ya iya kasuwancinsa. Ni ban yi mamaki ba.

Kai ɗinki ka iya. Wuyan jallabiyarka ya fi na wasu masu shago, ban taɓa gaya maka ba ne don kada kanka ya kumbura. Amma saye da sayarwa wani karatu ne daban, ba ka taɓa tsayawa da kayanka kai kaɗai wata tsohuwa ta taya maka rabin kuɗi tana rantsuwa ba. Ka ce mahaifiyarka tana cikin sandug na matan unguwa, adashinmu dai na gida. Wannan babu riba a kai, babu cak, sai dai a zamanin faɗuwar jine mai ɗaukar ƙarshe shi ke cutuwa, don haka in za ta nema maka, ta nemi ɗauka ta biyu ko ta uku.

Ga abin da na yanke. Bana ba zan sa hannu a cakin kowa ba. Zan ware maka kaya daga shagon nan, wandunan yara dozin biyar, arragi da sirwal, da hijabai, mu rubuta farashin sarinsu. Ka kafa tebur kusa da tashar motocin ƙauye tun daga fara yankan riɗi. Jari nawa, wahala taka, riba mu raba biyu, in an yi asara ba da sakacinka ba ni na ɗauka. Sharaɗina littafi ne: kowace riga ranar da ta hau tebur da ranar da ta sauka, kuma ba bashi ga kowa, ko limamin unguwarku ne. In kaka ta wuce muka buɗe littafin na ga kayanka suna juyawa cikin kwana 30 ko ƙasa da haka, ni da kaina zan raka ka banki da fatura, in zauna kusa da kai a karanta mana takardar layi-layi.

Da safe kuwa kana nan a kan keken ɗinki, ban sallame ka ba. Tashi ka ƙarasa kalmasar jallabiyar jiya, mai ita zai zo kafin magariba, kuma ka canza allurar nan, tun ɗazu nake jin tana tsallake.