In za ka zo Kete Krachi, fara neman mai masauki

Malam, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka ɗaura niyyar zuwa daga Kano don ganin Kete Krachi ta ƙasar Gana, garin da malamin nan Alhaji Umaru ya ƙare rayuwarsa. Ka tambaye ni otal ɗin da za ka sauka, ka kuma tambaya ko mu Hausawan nan muna riƙe da al'ada. Amsar ta biyun tana cikin ta farkon. Ɗakunan baƙi na haya akwai su a gari, amma mutum irinka, mai neman labarin malamai, idan ya wuce kai tsaye ya kama ɗaki, zai ga ruwa, ya ga kasuwa, ya koma gida hannu rabbana. A zango, unguwarmu ta Musulmi, ta ƙofar mai masauki ake shiga, ni kuma ga ni.

Garin da kake karantawa a littattafai ba shi za ka tarar ba. Tsohon Kete Krachi yana bakin kogin Bolta ne, Kete unguwar fatake Musulmi, Krachi kuma ta masu ƙasa. Ya bunƙasa bayan yaƙin basasar 1892 a Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, lokacin da fataken goron Gwanja suka watse suna neman inda za su kafa. Jamusawa suka yi bariki a nan a 1894. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka baro Salaga, ya zama limami, ya karantar, ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci, har Allah ya karɓi ransa a 1934. Sai aka gina madatsar Akosombo, aka gama a 1965, ruwa ya taso ya haɗiye tsohon garin. Mutum wajen 80,000 aka tasa a duk faɗin yankin tafkin, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Iyayenmu suna cikinsu. Har yau in tsoho ya tsaya a bakin ruwa, zai miƙa hannu ya ce can kasuwa take, can masallaci, kai kuwa ba ka ganin komai sai ruwa da kan busassun itatuwa. Saboda haka abin da ya rage na Alhaji Umaru yana hannun mutane: zuriyar almajiransa, da takardun da ke adane a gidajen malamai. An kwafi wasu an kai Jami'ar Gana da ke Legon, amma na cikin gida babu mai kwance maka su don kawai ka yi sallama.

Ga yadda za a yi. Kana isowa za a ba ka wurin zama, a miƙo ruwa. Ko ba ka jin ƙishi ka kurɓa. Sai ka sha sannan mai gida zai tambaye ka abin da ke tafe da kai, ko da ya riga ya sani, kai kuma ka faɗa daga farko a gaban kowa, shi ma ya ba ka labarin gari. Mun ɗauki wannan daga maƙwabtanmu, ta zama tamu. Washegari in kai ka gaida Sarkin Zango da liman, da ɗan goronka a hannu. Daga ranar duk abin da ka yi a gari, alheri ko akasinsa, sunana za a kira. Haka kakanninmu suka yi fatauci: mai gida ya ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso.

Akwai gaisuwar da na san za ta yi maka baƙo, ita ce ta fadar Krachiwura, sarkin ƙasa. Ƙasar nan tasu ce, su suka ba kakanninmu wurin zama, kuma ba mu taɓa mantawa ba. A fada ba a yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin mai magana da yawunsa. In za ka gaisa da jama'a, daga na hannun damanka za ka fara, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu. Su a al'adarsu kwalbar giya ake kai wa sarki. Mu an san addininmu, goro da ɗan kuɗi muke ajiyewa, ana karɓa da mutunci. Suna da wurin bautarsu na gargajiya, Dente, wanda sunansa ya kai har Asante tun kafin zuwan Turawa. Ba mu zuwa, ba mu kuma zagi. Ina roƙonka ka riƙe bakinka a kan wannan, domin kai za ka tafi, mu ne za mu kwana da su. In maƙwabcina Kirista ya yi rashi, ina zuwa in zauna in ba da gudummawata, shi ma ranar sadakar uku ko ta bakwai ta gidana za ka gan shi a kan benci. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya ziyarci cocin Katolika a Ankara, babban birnin Gana, a 2019, lokacin cikarsa shekara 100.

Kada kuma ka ɗauka duk mai yi maka Hausa Bahaushe ne. A zango akwai Kotokoli, Zabarmawa, Dagomba, Mosi, Fulani, Yarbawa, kowa da shugabansa, auratayya ta cakuɗa mu, Hausa ce ta haɗa mu a masallaci da kasuwa. Za ka ji an ce "yarinya ya zo", ka ji yaren Twi da Turanci sun shigo tsakiyar zance. Kada ka gyara wa kowa. Yaran nan sun gaji da a ce musu baƙi: a nan ana duban sunansu a tambaye su asalinsu, in sun je Najeriya a ce Hausarsu ta karye. Dattawanmu ba su manta Nuwamban 1969 ba, da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashi mutanen da a nan aka yanke musu cibiya. Mu 'yan Gana ne, kuma Hausawa ne, ba mu ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Matanmu kuwa a kasuwa za ka gan su, da mayafinsu, suna cinikin doya da bandar kifi da manyan kuɗi. Yawancin gidaje da guminsu ake biyan kuɗin makaranta. Su za su ciyar da kai koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har ya yi ja, da dare tuwon zafi da miyar ayoyo.

Hanya ba ta da wuyar ganewa. Ka riƙe fasfonka da katin rigakafin shawara, ka canza kuɗinka zuwa sidi. Daga Ankara mota za ta bi da kai ta Hohoe zuwa Dambai, hedikwatar yankin Oti, inda babban jirgin fito ke ɗaukar motoci da mutane ya haye kogin Oti. Ka yi sammako don kada ka rasa shi. In ka rasa, masu kwalekwalen inji za su yi ta kiranka. In ka ga an danƙare shi da doya da babura, ko hadari ya haɗo, ka haƙura ka jira. Kututturan da ruwa ya rufe tun wancan lokaci suna nan a ƙasa, sun ci rayuka da yawa a tafkin nan. Ka sanar da ni ranar da za ka taso daga Ankara, zan tura ɗana ya tarye ka a mashigin Dambai.