Amsa: Sabar na jan ƙafa alhali furosesa ba ta cika ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce manhajar da ke kan sabar ofishinku a Kakuri (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) tana jinkirin amsawa, alhali aikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko kashi 20 cikin 100 bai kai ba. Ni dai tsimin wuta nake zargi.

Idan aiki ya yi sauƙi, furosesa kan rage gudunta, in babu aiki kuma ta kwanta. Barcin nata mataki-mataki ne: matakin C1 barcin zomo ne, nan take take tashi. Amma a C6 ana yanke wa ƙwayar furosesar (core) wuta, ƙaramar ma'ajiyarta ta goge, farkawa ta ci gomman mikirosakan. Kamar ba komai ba ne, ko? To rumbun bayanai mai karɓar ƙananan buƙatu jefi-jefi shi ke shan wahala, domin shafi ɗaya na iya aika masa tambayoyi birjik, kowace ta tarar da furosesa tana barci.

Fara da BIOS, wato saitin da kwamfuta ke tashi da shi kafin Linux ko Windows, don wani lokaci shi ke riƙe da ragamar tsimin wutar. A Linux duba da cpupower frequency-info, sannan ka buga cpupower frequency-set -g performance. Windows Server kuwa a kan tsarin wuta na Balanced yake zuwa, mayar da shi High performance.

Sai dai fa sabar za ta ƙara cin wuta. In a kan inbata kuke, lissafa batirinku tukuna. Kuma a zafin Maris da Afrilu na Kaduna, ɗaki babu na'urar sanyaya, furosesa da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone. Auna jinkirin kafin canjin da bayansa, ka kawo mana alƙaluman.