Tambaya da Amsa: Ina zan kai Baba jinya a Katsina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya Sista. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce, ga suga ga hawan jini. An sallame mu daga asibiti, amma ko juyawa ba ya iya yi da kansa, fitsari ma sai da famfas. Inna ta tsufa, ni ina aiki a Kaduna, ƙannena mata duk suna ɗakunan mazajensu. Na duba wurare biyu masu zaman kansu a cikin gari da suka yarda su riƙe shi na 'yan watanni. Na farko sabon gini ne, ga tayil ga na'urar sanyaya ɗaki ga janareta, kuma sun ce Baba zai huta babu mai damunsa. Na biyu tsohon gini ne, kuɗinsa da sauƙi, amma ma'aikata sai shiga da fita suke yi suna ɗaga marasa lafiya. Hankalina ya fi kwanciya da na farkon, sai dai ina jin tsoro. Ga dangi sun fara cewa zan yar da ubana. Yaya zan gane wanda ya fi? Daga wani mai karatu, Ƙofar Marusa.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, kai kuma ya saka maka da alheri.

Ɗana, maganar da ta kwantar maka da hankali ita ce ta tayar da nawa. Duk wanda ya dubi mutumin da ba ya iya juya kansa ya ce maka "zai huta babu mai damunsa", to ko bai san aikin ba, ko kuma ba shi da ma'aikatan da za su yi shi.

Ka fara sanin cewa yawancin abin da muke da shi a nan ƙananan asibitoci ne da gidajen jinya da haihuwa, waɗanda aka tsara don mai zazzaɓi ko mai naƙuda ya kwana biyu ya tafi. Jinyar tsoho ta wata da watanni sana'a ce daban. Cibiyar tsofaffi ta farko da aka gina don wannan aiki a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan, dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa kuwa sai a 2018 aka sa mata hannu. Tsakanin takardar Abuja da gadon mara lafiya a Katsina akwai tafiya. Saboda haka kai ne sufeto, kuma abin da za ka duba ba tayil ba ne, bayan Baba ne.

Kullum ina fama da wannan fahimta ta cewa a bar mara lafiya ya kwanta kada a motsa shi, wai tausayi ne. Ni da kai in muna barci muna juyawa ba mu ma sani ba, jiki ne ke kare kansa. Baba ya rasa wannan. Nauyinsa yana danne fata da tsoka tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, cikin 'yan awoyi naman ya fara mutuwa. Wuraren da suke fara ci sanannu ne: ƙasan ƙugu saman ɗuwawu, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, kafaɗa da ƙeya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ɓarnar takan fara daga ciki kusa da ƙashi, kamar tumatirin ƙasan kwando da za ka gani da fatarsa alhali cikinsa ya dame. Ranar da wurin zai buɗe, ƙaramin bakin da ake gani yana iya ɓoye ramin da dunƙulen hannu zai shiga. Na wanke irin wannan gyambo har ina ganin ƙashi, a jikin dattawan da 'ya'yansu ke ƙaunarsu matuƙa, suna biyan kuɗi masu yawa, suna zuwa gaisuwa kullum su tarar an lulluɓe su da farin zanen gado mai ƙamshi. Ba wanda ya taɓa ɗaga zanen.

Littattafai suna cewa a nemi wurin da ya yi ja. A fatarmu jan ba ya fitowa. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko yake sheƙi, ko ya fi zafi ko tauri in an taɓa. Ma'aikacin da yake jiran ya ga ja zai jira har wurin ya fashe. Ka haɗa da zafin Katsina daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ga gumi, ga fitsari, ga ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashinsa. Ga kuma suga, wanda ke hana ciwo warkewa. Gyambon nan in ya ruɓe ƙwayoyin cuta sun shiga jini, kashewa yake yi. Sai a zo zaman makoki ana cewa shanyewar jiki ce ta tafi da shi, alhali kwanciyar ce.

Maganin gyambon kwanciya juyi ne, duk bayan awa 2, dare da rana, wato sau 12 a kwana ɗaya. A karkata shi a tokare da filo, kada a ɗora shi sosai kan ƙashin kwatangwalo. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta zama a sama ba ta taɓa katifa. A ɗaga shi da zani mutum biyu, kada a ja shi. Wasu iyalai suna juya mara lafiyarsu lokutan salla, kuma madalla da hakan, amma ku lissafa: daga Isha'i zuwa Asuba kusan awa tara ne. A cikin wannan daren ake yin gyambo. Katifar iska mai famfo tana taimakawa, sai dai ba ta ɗauke juyi, in kuma aka ɗauke wuta babu janareta iskar ta sace.

Da wurin ya fara duhu sai kuma masu ba da shawara su taso. Wannan ya ce a gasa da ruwan zafi, alhali ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi, sai a ƙone bawan Allah bai sani ba. Wancan ya ce a murza da man zafi, murzar kuwa ƙara farfasa naman da ya riga ya raunana take yi. A barbaɗa hoda, a fasa kafso a zazzage garin a ciki, a zuba sifirit, a naɗa gammo a ɗora shi a kai. Gammon nan ma datse jini yake yi a kewayen wurin. Sannan ga mai mota da lasifika a bakin kasuwa, da ƙullin gari ɗaya yana maganin shanyewar jiki da basir da sanyi. Haushin da nake ji ba na kuɗin da yake karɓa ba ne kawai, har da yadda yake sa a ajiye maganin hawan jini a koma wa nasa, shanyewar jiki ta sake dawowa. In an ce maka jifa ne ko iska, ku yi addu'a, ku yi ruƙiyya, ba ni da ja. Amma ana karatun ana juya shi, yana shan maganinsa. Gyambon da ya buɗe kuwa aikin ma'aikacin jinya ne: a wanke da ruwan gishirin asibiti, a cire mataccen nama in akwai, a rufe, a ƙara masa ƙwai, wake, kifi ko awara gwargwadon yadda likitansa ya yarda.

Wani abu kuma: ɗakin tsofaffi da ya yi tsit da tsakar rana kowa na sharar barci, ka tambayi abin da ake ba su. Akwai masu ɗirka wa tsoho maganin barci don kada ya kira da dare. Ka nemi a nuna maka takardar magungunan Baba duk zuwan da ka yi.

To yaya za ka gwada wuraren biyu? Kada ka sanar. Ka je bayan Isha'i, ka sake zuwa da asubar fari. Ka ƙirga ma'aikatan da ke bakin aiki da idonka, ka ƙirga marasa lafiyar da ba sa tashi. Mutum ɗaya da dare ba zai juya babban mutum shi kaɗai yadda ya kamata ba. Ka ce a nuna maka takardar da suke rubuta lokacin juyi. In suka dubi juna, ka samu amsarka. Hancinka ma shaida ne, zarnin fitsari da aka danne da turaren wuta ba ya ɓuya. Ka tambayi rajistar wurin daga Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da lasisin nas ɗin da ke shugabantar ɗakin daga Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita. Ka tsaya ka ga yadda suke ba da abinci: a zaune sosai, cokali-cokali, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Ɗura kunu ga mai shanyewar jiki yana kwance hanya ce ta tura abinci cikin huhu. In suka ce za su sa masa robar fitsari don kada ya jiƙa gado, ka ce sai likita ya ga akwai dalili. Ka ji ko akwai namiji da zai riƙa yi masa wanka da tsarki, ya taimaka masa da alwala ko taimama, don dattijo kan ƙi cin abinci saboda kunya kawai.

Kada ka manta da gashin ƙashi na asibiti da motsa jiki. Yawancin ƙarfin da ke dawowa bayan shanyewar jiki a watanni 3 zuwa 6 na farko yake dawowa, ku kuwa biyu sun tafi. Ka tambaya wane ƙwararre ne ke zuwa, sau nawa a mako, ko kuma za su riƙa kai shi sashen motsa jiki na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Amadi Rimi.

Daga abin da ka faɗa, wuri na biyu ne ya fi kama da inda ake aiki, amma ban ce ka kai shi ba sai ka yi zuwan daren nan. Kuma ka auna hanya ta uku: a bar shi gida kusa da Inna, a ɗauki mai jinya da ya samu horo, nas ta riƙa leƙowa tana duba fata da suga da hawan jini. Tsoho ya fi samun natsuwa a ɗakinsa, matuƙar akwai hannun da zai tashi da dare. Dangi masu cewa za ka yar da ubanka, ka tara su cikin ladabi ka raba musu dararen mako. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye "uf" ba kai kaɗai aka saukar wa ba.

Duk inda kuka tsayar, ranar da za a karɓe shi ka tsaya tare da nas ku duba bayansa da dugadugansa, a rubuta abin da aka gani, ka ɗauki hoto a wayarka, ka riƙa sake dubawa duk zuwa. In ka ga wurin ya yi baƙi, ko yana wari ko fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya rufe Baba, ko ya fara ruɗewa fiye da yadda kuka saba, a ranar za a kai shi babban asibiti, kada a jira dawowarka daga Kaduna.