Me ke riƙe jirgi a sama?

Malam, ka tambayi yadda jirgi kamar Boeing 747, wanda da kaya yake kai kusan tan 400, ke tashi bai faɗo ba.

Fiffike ne ke ɗaga shi, aikin inji tura shi gaba kawai. Fiffiken a ɗan karkace yake, samansa kuma a tanƙware. Idan jirgi ya yi gudu, fiffiken na karkata iska zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama, kamar yadda dokar Newton ta uku ta faɗa. Matsin iska a saman fiffike ya ragu, na ƙasa ya fi ƙarfi. Fito da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu, ka ɗan ɗaga gabansa, za ka ji.

Bayanin da ake yawan yi, wai dole iskar sama da ta ƙasa su haɗu a ƙarshen fiffike lokaci guda, kuskure ne. Ta saman tana riga isa.

Amma karkatar na da iyaka. Idan ta wuce digiri 15 ko makamancin haka, iska ta rabu da saman fiffike, ɗagawar ta ragu nan take, ko da inji na aiki lafiya lau.